Darasi na Tara: Sai An Ce "Na Sallama"

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana abin da ake nufi da damin aiki a rumbun bayanai;
2. bambance sallamawa da fasawa;
3. gane dalilan da ke sa bayani ya ɓace, ko ya shiga rabi, ko ya shiga sau biyu;
4. bin matakan gano matsala ɗaya bayan ɗaya.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sayen waya a unguwar PZ da ke Zariya ya san yadda ciniki ke tafiya. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka. A ƙara, a rage, a kunna wayar, a duba batir da caja. Har zuwa nan kowa na da damar juya baya ya kama gabansa, babu wanda ke bin wani ko kwabo. Amma da zarar mai kaya ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. Kuɗi ya zama nasa, waya ta zama ta mai saye.

Unguwar ta daɗe da sanin wannan ƙa'ida. Sunanta ma daga kamfanin Paterson Zochonis ya samo asali, ɗaya daga cikin kamfanonin Turawa da suka buɗe kantuna a Sabon Gari bayan layin dogo ya iso Zariya a 1911. A wancan zamani akawu ne ke riƙe da babban littafi, yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da yamma ya tabbatar ɓangarorin biyu sun yi daidai. A yau bankuna da shagunan waya da masu POS ne suka cika wurin, littafin akawu kuwa ya koma cikin kwamfuta. Masu rubuta manhajojin da ke riƙe da wannan lissafi ba nesa suke ba. Wasunsu matasa ne da suka koyi aikin a Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ko a cibiyoyin koyon kwamfuta da ke kewaye da ita.

Kukan da aka fi ji a bakin mutane shi ne, "An cire min kuɗi amma bai shiga ba." An sha jin sa a farkon 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, jama'a suka koma taransfa gaba ɗaya. Wannan darasi zai nuna abin da ke faruwa a bayan fage idan aiki ya tsaya a rabi, da yadda mai rubuta manhaja zai gano inda gizo ke saƙa. Tambaya ɗaya za mu riƙa maimaitawa: wa ya ce "na sallama", yaushe ya faɗa, kuma a kan me?

Sababbin kalmomi

- Rumbun bayanai: manhajar da ke adana bayanai cikin jadawali, kamar MySQL, PostgreSQL da SQLite.
- Ginshiƙin manhaja: kayan aikin da aka riga aka shirya don gina manhajar yanar gizo a kansu, kamar Django, Flask da Laravel.
- Damin aiki: ayyuka da dama da aka ɗaure wuri ɗaya, a ɗauke su tare ko a bar su tare. Ma'aikatan banki da masu kwamfuta kan ce taranzakshan.
- Sallamawa: umarnin COMMIT, wanda ke tabbatar da dami.
- Fasawa: umarnin ROLLBACK, wanda ke mayar da komai yadda yake kafin a fara.
- Kwaɗo: kullen da rumbu ke sa wa layin da ake gyarawa don kada wani ya taɓa shi.

Mene ne damin aiki?

A ce wani Alhaji yana da shagon waya a PZ, an rubuta masa manhajar lissafi. Idan aka sayar da waya ɗaya a kan Naira 85,000, dole manhaja ta rage adadin wayoyin da ke shago, ta kuma rubuta cinikin da kuɗinsa. A harshen SQL, wanda rumbunan ke ji, aikin zai zama kamar haka:

BEGIN;
UPDATE kaya SET adadi = adadi - 1 WHERE lamba = 7;
INSERT INTO ciniki (lambar_kaya, kudi) VALUES (7, 85000);
COMMIT;

Layin farko ya buɗe dami. Na biyu da na uku tayi ne da albarka, ana iya fasa su. Layin ƙarshe shi ne "na sallama". Da za a ɗauke wuta bayan layi na biyu, kafin janareta ya tashi, to idan kwamfuta ta dawo rumbu zai fasa damin da kansa. Adadin wayoyi zai koma yadda yake, kamar ba a taɓa komai ba.

Wani masani Ba'amurke mai suna Jim Gray ne ya yi fice wajen tsara wannan tunani, musamman a rubutunsa na 1981. A 1983 wasu Jamusawa biyu, Theo Härder da Andreas Reuter, suka taƙaita alkawuran dami a kalmar ACID. Alkawuran huɗu ne. Na ɗaya, ko duka ko babu. Na biyu, dami ba zai karya ƙa'idojin da aka gindaya wa rumbu ba, misali a ce adadin kaya ba ya sauka ƙasa da sifiri. Na uku, damin wani ba zai kutsa cikin na wani ba kafin a gama. Na huɗu, abin da aka sallama ya zauna, ko an ɗauke wuta bayan daƙiƙa ɗaya, domin rumbu yakan fara rubuta shi a kundinsa na musamman kafin ya amsa cewa an gama.

Rumbunan zamani suna cika waɗannan alkawura. Galibi matsala daga manhajar da ke ba su umarni take fitowa. Ga hanyoyi shida da aka fi gamuwa da su.

Matsala ta ɗaya: babu wanda ya sallama

Yaron shago ya shigar da ciniki, allon kwamfuta ya nuna komai lafiya, har da lambar risit. Washegari Alhaji ya duba, babu alamar cinikin.

Nan sai a fara zargin yaro, alhali ba shi da laifi. Wanda ya buɗe dami yana ganin abin da ya rubuta tun kafin ya sallama, amma babu wani da ke gani. Idan ya rufe hanyarsa da rumbu bai sallama ba, rumbu zai fasa komai. Wannan ya fi faruwa ga masu amfani da Flask tare da SQLAlchemy, inda dole mai rubutu ya kira session.commit() da kansa. Akwai wani umarni mai kama da shi, flush, wanda ke aika bayani zuwa rumbu har ya samo lambar layi, amma ba ya sallamawa. Haka nan akwai ginshiƙan da ke sallamawa da kansu a ƙarshen kowace buƙata ta shafi, irin su web2py. Mai rubutu ya saba da haka, sai ya rubuta ƙaramin shirin da zai riƙa aiki da dare a wajen shafi, ya manta cewa a can babu mai sallama masa.

Alamar wannan ciwo ita ce tsallen lamba. Idan risit na 41 na nan, na 43 na nan, babu na 42, to akwai yiwuwar an buɗe dami an karɓi lamba, aka fasa. MySQL da PostgreSQL ba sa mayar da lambar da suka riga suka bayar.

Matsala ta biyu: an sallama da wuri

Wannan kishiyar ta farko ce. Alhaji ya ƙirga kaya, manhaja ta ce saura wayoyi 9, amma babu cinikin da ya nuna inda ta goma ta tafi.

Yawancin ginshiƙai, ciki har da Laravel da Django tun daga fitowa ta 1.6 a 2013, suna sallama kowane umarni shi kaɗai da zarar ya gudana, sai fa idan an ce musu su ɗaure dami. Wato an rage waya an sallama nan take, sannan aka zo rubuta ciniki aka yi tuntuɓe. Rabin aiki ya zauna daram. Maganinsa shi ne ɗaure ayyukan da ke tafiya tare: a Django da transaction.atomic, a Laravel da DB::transaction. Django na da wani saiti mai suna ATOMIC_REQUESTS wanda ke mayar da kowace buƙata ta shafi dami guda.

Kafin ka rubuta kowane aiki, tambayi kanka: idan na tsaya a nan, lissafin Alhaji zai daidaita? Idan amsar a'a ce, to layukan nan 'yan dami ɗaya ne.

Matsala ta uku: an haɗiye kuskure

Wannan ta fi wahalar ganowa, domin mai rubutu ya ɗaure dami yadda ya kamata, amma duk da haka rabin aiki ya shiga.

Ginshiƙi yana fasa dami ne idan labarin kuskure ya iso gare shi. Mai rubutu kuwa ba ya so abokin ciniki ya ga shafi ya lalace, sai ya kama kuskuren a cikin damin, ya nuna saƙo mai daɗi, ya wuce. Ginshiƙi bai ji komai ba, ya ɗauka lafiya aka gama, ya sallama rabin aiki. Kamar ɗan aike ne da ya zubar da rabin kaya a hanya, ya dawo ya ce wa maigida, "Yallaɓai, na kai."

Rumbunan sun bambanta a nan. A MySQL, idan umarni ɗaya ya faɗi, galibi shi kaɗai ake sokewa, sauran damin na nan yana jiran a sallama. PostgreSQL ya fi tsanani: kuskure ɗaya ya isa ya ƙi karɓar duk wani umarni har sai an fasa, ko da an ce ya sallama, fasawa zai yi. Ƙa'idar dai ɗaya ce: kama kuskure a wajen dami, bayan an fasa. Kuma ko yaushe ka rubuta shi a kundin rahoto, kada ya wuce shiru.

Matsala ta huɗu: rumbun ba ya jin fasawa

Wani lokaci komai na manhaja daidai ne, an ba da umarnin fasawa, amma bayanin bai koma ba. A MySQL kowane jadawali na da injin da ke riƙe da shi. Tsohon injin, MyISAM, bai san dami ba sam. Duk abin da aka rubuta ya zauna. InnoDB ne mai dami, kuma shi ya zama zaɓin farko tun fitowa ta 5.5 a 2010. Amma tsofaffin manhajoji da aka gada, ko jadawalin da aka kwafo daga tsohuwar saba, na iya kasancewa a kan MyISAM har yanzu. Umarnin SHOW TABLE STATUS zai nuna injin kowane jadawali.

Akwai wani tarko kuma a MySQL. Umarnin da ke ƙirƙira ko sauya siffar jadawali, kamar CREATE TABLE da ALTER TABLE, suna sallama damin da ke buɗe ba tare da an tambaye su ba. Kada a sa su a tsakiyar aikin kuɗi.

Matsala ta biyar: masu saye biyu, waya ɗaya

A ce Alhaji ya buɗe reshe a Samaru, rassan biyu suna amfani da rumbu ɗaya da sito ɗaya. Saura waya guda. Yaron PZ ya duba, ya ga ɗaya. A daidai wannan daƙiƙa yaron Samaru ya duba, shi ma ya ga ɗaya. Kowa ya karɓi kuɗi, kowa ya sallama. An sayar da waya ɗaya sau biyu, kuma babu kuskuren da ya bayyana a allo.

Maganin wannan kwaɗo ne. Wanda ya fara karanta layin ya kulle shi da SELECT FOR UPDATE, na biyu ya jira. Idan na farko ya sallama, na biyu zai tarar da sifiri, ya ba abokin cinikinsa haƙuri tun kafin ya karɓi kuɗi.

Sai dai kwaɗo ma na da tasa wahalar. Idan wani ya buɗe dami ya daɗe bai sallama ba, kowa zai tsaya jiransa, shafi ya yi ta juyawa. A MySQL, idan ba a sauya saiti ba, mai jira yakan haƙura bayan daƙiƙa 50, a ba shi kuskure mai lamba 1205. A lura: a wannan hali umarnin ƙarshe kawai ake sokewa, don haka wajibi ne manhaja ta fasa sauran damin da kanta. Akwai kuma cirko-cirko, irin na motoci biyu da suka haɗu a ƙaramin lungu: na farko ya kulle jadawalin kaya yana jiran na ciniki, na biyu ya kulle na ciniki yana jiran na kaya. Rumbu zai zaɓi ɗaya ya fasa daminsa gaba ɗaya, ya ba da kuskure mai lamba 1213. Sai manhaja ta sake gwadawa daga farko. SQLite kuwa mai rubutu ɗaya yake karɓa a lokaci guda, shi ya sa ya dace da koyo da ƙananan ayyuka, amma yakan yi ƙorafin kulle idan jama'a suka yi yawa.

Rigakafi biyu ne. Dami ya zama gajere, kada a riƙe shi a buɗe ana jiran amsar kamfanin biyan kuɗi alhali sabis na rawa. Sannan duk sassan manhaja su riƙa kulle jadawali bisa jeri ɗaya.

Matsala ta shida: abin da fasawa ba ta kaiwa

Ikon fasawa a cikin rumbu ya tsaya. Saƙon tes da aka aika ya tafi, imel ya tafi, kuɗin da ya bar wani banki ya bar shi. Magana zarar bunu ce. Idan manhaja ta aika "an karɓi kuɗinka" tun dami na buɗe, sannan aka fasa, mutum zai zo da alat a hannu, littafi kuwa babu komai. Don haka a jinkirta irin waɗannan saƙonni sai bayan sallama. Django na da transaction.on_commit don wannan aiki.

Akwai kuma akasin haka: rumbu ya sallama, amma sabis ya yanke kafin amsa ta iso. Mai biya bai ga komai ba, sai ya sake dannawa, a cire masa sau biyu. Maganinsa shi ne kowane biya ya zo da lambarsa ta musamman tun kafin a fara, a kuma gindaya wa rumbu sharaɗin cewa lamba ɗaya ba ta shiga sau biyu. Ɗaliban Samaru sun san irin wannan lamba, domin cibiyoyin gwamnatin tarayya da ke karɓar kuɗi ta Remita suna ba mai biya lambar RRR, wadda da ita ake bin sawun biyan.

Idan kuɗi zai ratsa banki biyu, babu dami ɗaya da ya rufe su duka, kowanne da rumbunsa. Shi ya sa ake buƙatar mayar da kuɗi daga baya. A watan Yuni na 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa wa'adin awa 48 don mayar da kuɗin wanda na'urar ATM ta wani banki ta cire masa ba ta ba shi ba, da awa 72 ga na POS da na intanet. Ƙaramar manhaja ma tana buƙatar irin wannan tsari: a kullum a gwada lissafinta da na kamfanin biyan kuɗi, kamar yadda akawu ke rufe littafi da yamma.

Matakan gano matsala

1. Tantance ciwon: bayani ya ɓace ne, ko ya shiga rabi, ko ya shiga sau biyu, ko shafi ne ya tsaya?
2. Maimaita matsalar a kwafin rumbu. Kada ka yi gwaji a kan kuɗin mutane.
3. Buɗe sabuwar hanya ta biyu zuwa rumbu ka duba. Abin da ta gani shi aka sallama. Sabuwa za ka buɗe, domin a MySQL tsohon dami da ke buɗe yakan ci gaba da ganin bayanai yadda suke tun karatunsa na farko.
4. Kunna kundin rahoto ka karanta umarnin da suka isa rumbu. Nemo BEGIN, nemo COMMIT ko ROLLBACK, ka ga abin da ke tsakaninsu. Gani ya kori ji.
5. Duba saitin ginshiƙi da injin jadawali.
6. Bi duk inda aka kama kuskure, ka ga ko an haɗiye shi.
7. Bayan gyara, jawo kuskure da gangan a tsakiyar dami, ka tabbatar komai ya koma yadda yake.

Taƙaitawa

Tayi ba ciniki ba ne, kuma bayanin da ya bayyana a allo bai zauna ba sai an sallama. Ayyukan da ke tafiya tare a ɗaure su dami ɗaya, a sallama sau ɗaya, a wuri ɗaya da kowa ya sani. Layi guda da aka manta na iya sa a kori yaron shago kan satar da bai yi ba, ko uba ya biya kuɗin makaranta sau biyu daga abin da ya sayar da hatsi ya tara. Mai rubuta manhaja shi ne akawun wannan zamani, littafin jama'a amana ne a hannunsa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin sallamawa da fasawa? Kawo misali daga kasuwa.
2. Lissafa alkawura huɗu na damin aiki.
3. Me tsallen lambar risit ke iya nunawa?
4. Me ya sa bai dace a kama kuskure a cikin dami a yi shiru ba?
5. Me ya sa ake jinkirta saƙon tes sai bayan sallama?

Aikin gida

Ku rabu biyu-biyu. Ku ƙirƙiri jadawalin kaya mai waya ɗaya tak a MySQL ko PostgreSQL. Kowa ya buɗe hanyarsa zuwa rumbun, ku yi ƙoƙarin sayar da wayar a lokaci guda: da farko ba tare da kwaɗo ba, sannan da SELECT FOR UPDATE. Ku rubuta abin da kowa ya gani a allonsa kafin sallama da bayanta, ku kawo aji a mako mai zuwa.